Ta Bar Mini Babbar Kwalba

Anti, ki taimake ni kafin in yi abin da dangi za su daɗe suna zancensa.

"Yaya, ba zan taɓa komai a gaban madubin Inna ba sai kin zo." Haka ƙanwata ta ce mini da mahaifiyarmu ta rasu. Da na zo, kwalba ɗaya na tarar maimakon biyu.

Turare biyu Inna take da su, an daina yin su tun muna 'yan mata. Ɗaya a doguwar kwalba mai murfin ruwan zinariya, wardi da sandal, irin mai riga mutum yin sallama. Turaren fita ne, na baƙi. Ɗayan a 'yar guntuwar kwalba da rubutunta ya goge, ƙamshinsa kamar ɓawon lemo da sabulu. Shi take ɗigawa bayan kunne in ta yi wanka. Shi nake ji in ta sunkuyo ta dafa goshina ina zazzaɓi.

Ƙaramar kwalbar ƙanwata ta ɗauke. Wai ladabi ta yi, babba ta babba ce. Wane irin ladabi ne zai bar mini Innar mutane ya tafi da tawa? Kuma ba adanawa ta yi ba. Shafawa take ta tafi aiki, fasinjojin mota na shaƙe mini uwa. Abin da ya rage bai kai kaurin yatsa ba.

Na ba ta zuwa Asabar. In ban ga kwalbar ba, zan je in ɗauka da hannuna, daga nan ƙafata ta bar gidanta.

Wadda aka bar wa babba

Amsa:

Allah ya jiƙan Inna. 'Yar'uwa, kina da gaskiya: ta saɓa alkawari, batun ladabin kuma fakewa ce. Amma ki tambayi kanki, me ya sa ta zaɓi kwalbar da ba ta da kyan gani? Ita ma an dafa goshinta. Ke kina so ki rufe ki adana, ita ba ta iya fita ba tare da shi ba. Ciwo ɗaya ne ke cin ku.

Ki je Asabar ɗin, amma da 'yar kwalba wankakkiya, busasshiya. Ki faɗa mata ta ɓata miki, ba tare da gatse ba, sannan ku raba. Naki ki toshe sosai, ki ajiye inda rana ba ta kaiwa. Ko kin yi haka, wata rana ƙamshin zai juya. Ranar za ki nemi wadda in kin ce "ƙamshin Inna" ba sai kin yi bayani ba, kuma mutum ɗaya ce ta rage.

Allah ya sanyaya muku zuciya, ku biyun.