Ni ce na kai ƙarar baƙin Alhaji

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma duk mai shirin zagina ya daure ya karanta har ƙarshe. Na san na yi abin da ba a yi, amma ba kuka na zo yi muku ba.

A garin Greensboro na Amurka muke, ni da mijina da yaranmu biyu. Tun da makaranta ta kai su wasan zamiyar ƙanƙara a kan duwatsu sau ɗaya suka hana mu sakat. Bara muka yi ta sayen tikitin yini da biyan otal duk ƙarshen mako, har na ga abin zai cinye mu. Bana sai na zauna da biro. In za ka yawaita zuwa, fas, wato tikitin lokacin sanyi gaba ɗaya, ya fi sauƙi, amma sai kana da wurin kwana, don duwatsun tafiyar fiye da awa biyu ce. Shi ne gida uku muka haɗu muka kama hayar gida ɗaya kusa da duwatsun daga Disamba zuwa Maris: mu huɗu, Anti Rifkatu 'yar Jos da ke unguwar Glenwood ita da 'ya'yanta biyu, sai gidan Alhaji na unguwar Irving Park su biyar. Alhajin nan shi ya samo wa mijina aikin da muke ci da shi. Kuɗin haya gida-gida aka raba, ba kai-kai ba, don wa zai buɗe baki ya ce a ƙirga mutanen Alhaji? Ni na sa hannu a takardar hayar, kuma a ciki an rubuta mutum goma sha biyu, ba ƙari.

Makon farko lafiya lau. Na biyu Hajiya, matar Alhaji, ta taho da ƙanwarta daga Charlotte da yara huɗu. Na uku sai ga abokan Alhaji da iyalansu, mota biyu. Yarana suka koma kwana a ƙasa a falo, ruwan zafi kafin a zo kanmu ya ƙare, ni kuma ina tsaye kan tukunyar mutum ashirin, fas ɗin da na yi ta ƙarin awannin aiki kafin in saya yana cikin aljihun jaket. Girki na biya kuɗi in zo yi? Da na yi wa Hajiya magana a hankali, dariya ta yi ta ce, "Haba Maman Amira, baƙi ne fa. Ko so kike in ce su juya?" Mijina kuwa kullum amsarsa ɗaya: "Ki yi haƙuri, Alhaji ne." Ranar da Amira ta ce min, "Mom, why is it always us on the floor?" wato me ya sa kullum mu ne a ƙasa, a ranar haƙurina ya ƙare.

Na buɗe sabon imel babu suna, na rubuta wa mai gidan hayar cewa an cika masa gida. Ran Asabar da safe ya zo, wani dattijon Bature, ko shiga bai yi ba. Takalmanmu da ke jere a bakin ƙofa ya tsaya ya ƙirga, ya samu na mutum ashirin da uku. A gaban baƙin ya ce wa Alhaji duk wanda ba ya cikin takarda ya fita kafin azahar. Na ga yadda fuskar Alhaji ta canza, na ji kunya, ba zan ɓoye ba. Amma wallahi ranar na yi zamiya har ƙafafuna suka yi tsami, kuma na ji daɗinta. Laifi ne mutum ya ci abin da ya biya?

Abin da ban hango ba shi ne kan wa za a ɗora. Hajiya ta rantse Anti Rifkatu ce ta kai ƙarar, don ita ta taɓa yin ƙorafin ruwan zafi a gaban kowa. Ta cire ta daga gurup ɗinmu na waya, Alhaji ya ce zai mayar mata da ragowar kasonta ta bar gidan. Matar nan ita kaɗai ke riƙe da 'ya'yanta, ta riga ta sayi fas uku, ba a mayar da kuɗinsu, kuma ba ta da halin otal. In ta fita, yaran sun gama zamiya bana ke nan, ga sunan munafuka da aka laƙaba mata a cikin mutanenmu.

An sa zama a kan maganar ran Lahadi. Jiya Anti Rifkatu ta kira ni. Ta ce, "Maman Amira, ke kin san ni, in ina da magana a gaban mutum nake faɗa. Ran Lahadi in an zauna a gidan Alhaji, ke kaɗai nake da ita. Za ki tsaya min ko?" Na ce, "In sha Allah, Anti." Har godiya ta yi min.

Ni dai ban yi nadamar wasiƙar ba, in aka sake cika min gida gobe zan sake rubutawa. Amma in na faɗi gaskiya, mijina da bai san komai ba zai ji ta a gaban mutumin da ya tsaya masa a ƙasar nan. In na yi shiru, Anti Rifkatu za ta fita da laifina a kanta, tana min kallon mai ƙaunarta. Jibi ne Lahadi. Me zan yi?