Taku Shida a Gonar Maruta

Birnin Kudu,
Jihar Jigawa.

Zuwa ga Yayana Muhyiddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa irin ta ƙanwa ga wanta, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Ruqayya da yara, ya ƙara wa kasuwarka ta Kumasi albarka. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, riɗi ya yi, sai dai tsuntsu ya ɗan taɓa dawa a wajen garin Sara. Maigidana ya warke daga ciwon bayan nan, har ya koma yi mini gorin cewa na fi motar haya yawo. Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya, ni da ba a raba ni da surutu. Sau uku ina ɗaukar wayar ina ajiyewa. Maganar ta fi ƙarfin bakina, shi ya sa na kama alƙalami.

Ka san tun bara aka ɗora mini shugabancin ƙungiyarmu ta manoma da masu sayen riɗi ta Gwaram. A dalilin haka aka gayyace ni wani horo na mako biyu a nan Birnin Kudu, wanda aka shirya wa shugabannin kasuwanci a kan wata fasaha da suke kira bulokcen. Kada ka yi dariya, ni ma ranar farko sunan kawai na kasa faɗa. Malamarmu, wata yarinya mai haƙuri da ake kira Khuzaima, ta ce mu ɗauke shi a matsayin littafi ɗaya da kwafinsa ke hannun mutane da yawa, kowane shafi a ɗaure da na bayansa kamar sarƙa. In an rubuta abu, shaidu suka amince, shi ke nan, ba mai gogewa. Ana iya ƙara gyara a gaba, amma kuskuren yana nan a wurinsa, da sunan wanda ya sa hannu. Aka ce kowa ya kawo dabarar da zai yi amfani da wannan a sana'arsa. Ni kuwa da rawar kai na ce masu sayen riɗinmu na ƙasashen waje suna son sanin gonar da kowane buhu ya fito, don haka mu shigar da gonakin 'yan ƙungiya da iyakokinsu. Aka tafa mini, aka ce a fara da Maruta tunda garinmu ne. Na dawo masauki ina jin kaina a sama, ban san ramin da na haƙa nawa ba ne.

Washegari wani ɗan kasuwa ya tambayi malamar, idan shaidun duka suka taru a kan abin da ba haka yake ba fa? Ta ce littafin bai san gaskiya ba, abin da aka yarda da shi kawai ya sani, kuma zai riƙe shi ko bayan an manta da kabarinmu. Yaya, ina zaune a ɗaki mai sanyi, amma hankalina ya bar wurin. Ba allon da ke gabana nake gani ba, gonarmu nake gani, shekara talatin da ɗaya baya.

Ba mu taɓa yin maganar nan ni da kai ba, yau zan yi. Shekarar da maƙwabcin gonarmu Malam Badaru ya rasu, matarsa Inna Kulu tana cikin takaba, ruwan shuka ya sauka. Na kai muku fura gona da hantsi, na tarar kai da Baba kuna tuge gambar da ke iyaka ta gabas, kuna dasa ta taku shida cikin gonar marayu. Baba ya kalle ni sau ɗaya, ya ce in ajiye ƙwaryar in tafi. Na tafi, kuma tun daga ranar nake tafiya da abin a cikina. Ban rubuto don in ci zarafin mahaifinmu ba. Shekarar ta yi tsanani, bakuna sun yi masa yawa, kai kuma umarni ka bi. Amma ba ka nan lokacin jinyarsa ta ƙarshe, ni ina nan. Kullum hannunsa na kan wuyansa yana cewa nauyi, likita ya duba bai ga komai ba. Mu da muka tashi a gidan karatu mun san abin da aka faɗa game da wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasar wani, da abin da za a rataya masa a wuya ranar ƙiyama. Tun da aka fara horon nan, ko tuwo nake tuƙawa sai in ga hannun nan nasa. Ina jin tsoro, Yaya, tsoron da ban taɓa ji ba.

Ranar Asabar muka je zagayen iyakoki da mai unguwa da dattawa da masu na'urar awo. Da muka iso gabashin gonarmu kowa ya nuna gambar, har da Zulkifli ɗan Malam Badaru, wanda yake goye lokacin da abin ya faru. Yana murmushi ya ce tun da ya buɗe ido nan ya san iyaka. Bakin kowa ya zo ɗaya, saura sa hannuna a matsayin shugaba. Na ce kaina na ciwo, a bari sai wani makon.

Da yamma na shiga gaida Inna Kulu. Ta tsufa ƙwarai, sai an riƙe ta take tashi. Ta sa aka ba mu wuri, ta kama hannuna, ta ce ta ji an ce na kasa sa hannu. Daga nan ta gaya mini abin da ban taɓa sani ba. Ranar nan tana gonar. Babu abin da za ta ɗora wa yara, sai ta saci jiki ta fita tsinkar tafasa, ta ɓuya a bayan kuka don kada a ce mai takaba tana yawon daji. Ta ga komai. Kunyar a san ta fita ce ta rufe mata baki da farko, daga baya kuma wa zai yarda da mace ɗaya a kan malami irin Baba? Ta ce ba ta gaya wa ɗanta ba don kada ya tashi da gaba. Ba ta yi Allah ya isa ba, ba ta kuma yafe ba. Jira take wani daga gidanmu ya zo da ƙafarsa ya tambaya.

To ga inda muke. A rabon gado, gefen gabas kai ya faɗa wa, ba ni da ikon mayar da abin da ba nawa ba. In na sa hannu, na yi shaidar zur a littafin da ba a wanke shi. In muka mayar, dole a faɗi dalili a gaban mai unguwa, sunan Baba zai shiga bakin mutane. Na auna duka biyun, na ga gara a yi da shi a Maruta da a yi da shi a inda ba mu da bakin kare shi. Na roƙi malamar ta ɗaga mini zuwa ƙarshen wata, ta yarda ba ta tambaye ni dalili ba. Ina roƙonka ka zo da kanka. In hanya ta gagara, ka aiko da izini a rubuce, ni zan tsaya in faɗa. Kada ka ce sai bayan salla, tsohuwar nan ba ta da ƙarfin jira mai tsawo.

Ka gaishe mini da Ruqayya, ka ce daddawarta na nan tafe. Ka shafa mini kan Nuru da Sadiqa. Maigidana da Gwaggo Lailatu suna gaisuwa. Inna Kulu ma ta ce in gaishe ka, da sunanka ta kira ka. Ta ce in tambaye ka ko saran da fartanya ta yi maka a ƙafar hagu ranar ya bar tabo, domin ta ga jinin ya zuba da yawa, ta so ta fito ta ɗaure maka, ba hali.

Ina sauraron amsarka.

Taka ƙanwa,
Ummussalma