Shinkafa a Kan Ganyen Ayaba

Daren Asabar, Jamaica

Yau 'yan ƙwallon kwandon Filifin da nake horarwa kafin kakar wasa sun sha wuya a hannuna. Gudu, tsalle, ɗaga ƙarfe, har kyaftin ɗinsu Migel ya zube ƙasa yana haki. Da muka tashi suka shimfiɗa ganyen ayaba, suka juye shinkafa da soyayyen kifi, kowa ya sa hannu. Rabona da ganin haka tun gida.

Migel ya ce, "Koci, zo mu ci."

Na ce na ƙoshi, ina jiran ya sake tayi kamar yadda ake yi a Zariya. Bai sake ba. Gobe za su koma Manila.

Ga ni nan da burodi da shayi, babu ko wanda zan yi wa tayi.