Gungumen Baba Ya Zama Gawayi

Bagudo, daren Laraba, kakar farko bayan 'yancin kai

Gungumen maɗacin da Baba ya jawo daga bakin iyakar Dahome ya ƙone. Jirgin kamun kifi yake sassaƙawa, ya zuba garwashi a ramin da yake fafewa kamar kullum don gizago ya samu sauƙi. Aka kira shi jana'iza, iska ta taso, wuta ta huda cikin.

Da na dawo daga makaranta ya ja ni wurin. Ya ce, "Malam, in jirgi ya tsage ɗinke shi nikai, in ya sha ruwa in shanya shi. Wanga fa? Babu dabara ga boko?"

Ni da bakina na koya wa yara cewa itacen da aka sare ko ya jiƙe itace ne har gobe, amma wanda wuta ta ci ya zama wani abu dabam, ba ya komowa. A aji daɗin faɗi gare shi. Gaban Baba na kasa. Na taɓa wurin, ya marmashe a hannuna.

Cikar kogi na tahowa, ba mu da jirgi. Ɗazu Inna ta tambaye shi a hankali ko ta ɗebi gawayin. Ya ce ta ɗiba. Da shi aka yi tuwon dare, kuma duk mun ci.