Aljanar Turmin da Ka Sa Na Ƙago

Ƙanena Bashiru,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya karatu, ya zaman garin mutane? Da fatan kai da abokan zamanka kuna lafiya. Mu nan Anka sai godiya.

Saƙonka ya iso, wai in ƙago maka dodo irin na gida don wasan da kuke yi kan tebur, inda kowa ke ɗaukar jarumi ya zama shi.

Shekaranjiya da la'asar na zauna tsakar gida na ƙago aljana mai turmi. Ka kai mata dutse ta daka ta ba ka zinari, ladanta kuwa jaririn da ke rarrafe kusa da turmin. Ina karantawa da ƙarfi, ashe Inna na bayana. Ta ce, "Hadiza, wagga ba aljana ba ce, mu ne." Ta shige ɗaki, ko tuwo ba ta taɓa ba.

Kana makaranta sadda muka daka dutsen zinarin garin Bagega a turmin gero, gubar dalma ta ɗauke mani ɗiyata Safiya. Kai labari ka ji, mu muka yi mata wanka.

Ka gaida abokan wasa, ka sa Safiya da Inna cikin addu'a.

Ga aljanar nan na aiko. Ka ce kowane dodo sai an rubuta makarinsa. Na bar wurin fili. In abokanka sun gano shi, ka gaya mani.

Yayarka,
Hadiza