Na'urar da Ke Akwati na Bakwai

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya ƙafar taka? Na san ba ka shan maganin, kada ma ka fara rantse-rantse.

Ofis sun turo ni wata tashar wutar sola, in gwada ko masu kutse za su iya shiga inbatocinta masu sarrafa wutar daga waje. Ashe tashar da ka haɗa ce. Tun kafin in buɗe takardu na gane hannunka, kowace waya a ɗaure tsaf, kowane akwati da lambarsa da jan fenti.

A akwati na bakwai, bayan fanka, na tarar da wata 'yar na'ura mai layin waya wadda babu ita a zanen tashar. Na koma mota a wajen shinge na buɗe kwamfuta. Da na gwada shiga na'urar, ta nemi kalmar sirri, na sa lambar wayar Mama, ta buɗe. Da izinin manaja na kashe inbata goma sha biyu cikin minti huɗu. Da wani ne ya kashe duka arba'in, har asibiti da gidan ruwa sai sun rasa wuta.

Na san dalili. Wata biyar ka yi a gefen gadon Mama kana lura da tashar ta wayarka, ni ina can makaranta. Amma yau shekara biyu da rasuwarta, na'urar tana nan a kunne.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ka, da fatan kowa lafiya. Na ga saƙonka, wai in cire ta in jefar in ja bakina. Na so in yi. Sai dai ban san wa ya riga ni shiga a shekara biyun nan ba, kuma ba za a bincika ba sai an rubuta.

Na miƙa rahoton jiya, da sunanka a ciki. Wataƙila su dakatar da lasisinka. Na rubuta musu batun jinyar ma, ko da yake babu gurbinsa a fom ɗin.

Akwai inda ake tambayar yadda aka samo kalmar sirrin. Na rubuta cewa canka na yi, a gwajin farko. Shugabana har yaba mini ya yi. Ban gaya masa ba cewa lambar ce har yau na kasa gogewa daga wayata.

Ka sha maganinka.

Ƙanwarka,
Auta