Faifan Auta a Kan Soro

Mai'adua,
20 Disamba, 2023

Zuwa ga ƙanwata Amatullah, Autar Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ya karatu, ya sanyin ƙasar Turawa? Mu nan lafiya lau, matata Shatu na gaishe ki. Na rubuta a takarda zan ɗauki hoto in turo miki, domin maganar ba ta waya ba ce, katangarmu gajera ce.

Na'urar da kika kafa mini a kan soro, wadda muke kira faifan Auta, tana nan tana aiki. Ina goge solar, ina duba batir, koriyar fitilar ba ta taɓa mutuwa ba tun watan Maris. Na riƙe bayaninki yadda na gane shi: akwai tauraron ɗan'adam da ke leƙo iskar can ƙololuwa, sama da gajimare nesa, yana auna zafinta ta wani haske da ido ba ya gani, wanda ke gaba da shuɗi a bakan gizo. Faifan kuma yana sauraro daga ƙasa, ke ki haɗa biyun. Kin ce sai ya cika shekara cur ba yankewa, in ba haka ba aikin digirinki ya gurgunce.

To ga abin da ya taso. Kin san tun da aka rufe iyaka, rabin unguwar nan da babur suke ci, suna tsallakar da kaya ta hanyoyin daji. Makon jiya 'yan kwastan suka tare maƙwabcina Audi bayan Kongolam can bakin iyaka, a wata hanya da ko akuya sai ta yi tambaya, suka karɓe babur da buhunan kayan da ya ɗauko. Kafin la'asar magana ta zagaye gari cewa faifaina ne ke gaya wa tauraro, tauraro ya gaya wa hukuma. Audi, wanda muka yi shekara talatin muna cin tuwo a kwano ɗaya, yanzu in na yi sallama sai ya duba takalminsa.

Ki faɗa mini a Hausa, gajere: abin nan yana ganin mutane ko ba ya gani?

Wassalam. Yayanki,
Mainasara

Mai'adua,
28 Janairu, 2024

Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Shatu ta yi mura amma ta warware.

Amsarki ta iso, na gode. Shafi goma sha ɗaya na Turanci, da zane-zane masu kama da sawun kaji. Shekara ashirin da takwas na yi ina koyarwa a firamare, ban taɓa jin na zama daƙiƙi ba sai ranar. A ƙasa kin ƙara da Hausa cewa a iya saninku, bisa tsarin na'urar, da wuya ƙwarai ta iya ganin wani abu a doron ƙasa. Auta, da wuya ƙwarai ba amsa ba ce. Da wuya ƙwarai a yi ruwa a watan Janairu, amma a zamanin Baba an taɓa yi.

Duk da haka na ɗauki maganarki na kai zauren mai unguwa Kabo. Na yi bayanin hasken da ba a gani, da iskar da ta fi tanderu zafi amma ba ta ƙona komai saboda ƙarancinta. Ina cikin magana na ga fuskokinsu, na san ni ma da wani ne ke gaya mini haka da ban yarda ba. Audi ya ce abin da ke auna zafi daga nisan da ba a iya ƙiyastawa, babur ne zai gagare shi?

An tare wasu mutum biyu kuma. Matan unguwa sun daina shigowa wajen Shatu, an yi sunan jikan Audi ba a aiko mana ko goro ba. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda zan iya rubutawa.

Mai unguwa da liman sun yanke cewa ranar Juma'a ta sama, tara ga Fabrairu, ko dai in dafa Alƙur'ani in rantse cewa faifan da tauraronsa ba sa ganin kowa, a bar maganar har abada, ko in sauke shi. Sun yi mini adalci, sun san ban taɓa rantsuwa a kan ƙarya ba. Amma kin san tarbiyyar gidanmu, ba na dafa Littafi a kan abin da ban tabbatar ba. Ba zan rantse da a iya saninmu ba. E ko a'a nake roƙo, ba sai kin jira kin tambayi malaminki ba kamar yadda kika ce a waya.

Yayanki mai jiran amsa,
Mainasara

Mai'adua,
11 Fabrairu, 2024

Autar Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma fatan wannan takarda ta same ki da haƙuri.

Ranar Juma'a na jira saƙonki har aka kira salla. Bayan an idar liman ya miƙo Alƙur'ani, ina da alwala. Na tuna ke ce, ni na goya ki zuwa aji ɗaya, ba ki taɓa yi mini ƙarya ba. Amma ke ɗin ce kika ƙi cewa a'a. Na mayar da hannuna aljihu.

Da kaina na hau soro na kwance shi. Koriyar fitilar ta mutu da ƙarfe uku da minti goma, na rubuta miki lokacin ko zai yi amfani. Saura sati uku shekarar ta cika.

Jiya Asabar da hantsi saƙonki ya shigo. Kin ce ba sa ganin ƙasa sam, iskar da ke ƙasa tana shanye wannan hasken kafin ya kai ko'ina, faifan kuwa kunne ne kawai ba shi da ido, in rantse hankali kwance. Layi biyu, Auta, kuma ko Inna da tana raye za ta gane su. Kwana hamsin ina roƙon layi biyun nan. Ihu bayan hari.

Kada ki zaci na sayi zaman lafiya da shekararki. Ƙin rantsuwar da na yi shi ya tabbatar musu da zarginsu, yanzu cewa ake dama na sani. Na kai wa Audi saƙonki, bai karɓi wayar ba. Ba tsuntsu ba tarko.

Ina jin haushinki, ina kuma jin kunyarki, ban san wanda ya fi yawa ba. Faifan na ɗakin Shatu, ta naɗe shi da zanen da ta fi so. Ƙarfen da ya zauna a kai ban cire ba, yana nan tsaye a kan soro. In kina son a mayar, ki zo da kanki ki zauna a zauren Kabo ki faɗa musu layi biyun nan da bakinki. Ni an daina jin nawa.

Allah ya ba ki sa'a a abin da ya rage. Naki har kullum,
Yaya Mainasara